Katakon Kanal da Layin Toka

Tun ina amarya nake ƙetare katakon nan da aka gitta a kan kanal ɗin ban ruwa, ƙwarya a ka, ban taɓa kallon ƙafata ba. Tambayi matan da muke shiƙar shinkafa tare, daga nan har Bunkure.

Sai ga wata mura bayan damina. Ta tafi, ta bar mini jiri. In na juya kai, ɗakin ya juya da ni, ga amai. Maƙwabta suka ce iskar bakin ruwa ce, aka yi ta turare har ido ya yi ja. Matar ɗana ce ta matsa aka kai ni asibiti a Kura. Likita ya ce can cikin kunne ne ya kumbura, wai nan Allah ya ajiye abin da ke tsai da mutum daidai. Ya ba da ƙwayoyi na 'yan kwanaki, ya ce in aman ya tsaya in tashi in riƙa motsawa, kwanciya ba ta koya wa kai komai.

Na dawo na kwanta abina. Ga yankan shinkafa ya matso, ni kuwa na cire rai da tsallaken.

Yarinyar nan, matar ɗana, da ba ta taɓa haɗa ido da ni ba don kunya, sai ta daina kawo mini tuwo ɗaki. Ta ajiye shi can gindin darbejiya, ta zuba layi biyu na toka a tsakar gida, tsakaninsu faɗin katakon.

"Inna, ga kanal. Tuwo yana tsallake."

"Ke, a gidanku haka ake yi wa surukai?"

"A gidanmu ba mu da mai tafiya irin taki. Ki kafa ido a kan icen, kar ki dubi ƙasa."

Tana bayana, hannunta kusa da ƙuguna, ba ta taɓa ni. In na taka tokar ta ce, "Kin jiƙe, Inna." Na zage ta, ta share, ta sake zubawa. Daga baya ta ce in riƙa waiwaye ina tafe. Ƙarshe ta ɗora mini faifai.

Ranar da aka fara casa, ita ta fara hayewa, ta tsaya a tsallake ta ɗago kai. Ba ice a wurin, sai na kafa ido a fuskarta. Ruwa na gudu a ƙarƙashina, na ƙetare. Ina sauka ta sunkuyar da kai kamar kullum, ta karɓi faifan.