Daɓen Yana Nan

Ranar Asabar ta makon da muka gama sussukar acca, a shekarar da na yi famfara, muka wayi gari majami'armu ta zama toka. Ɗan ɗakin jinka ne a gindin dutse wajen Kagoro. Kowa ya san yayyen babana ne suka sa wutar, don innata ta ƙi dafa waken dodon tsafi da kowace mace ke kaiwa bakin kurmi. Babbansu, Baba Kazah, ya riga ya faɗa a tsakar gida: in ta sake taka majami'ar nan ta koma gidan ubanta, 'ya'ya kuwa na gida ne, ba ta tafiya da ko ɗaya.

Na zaci kuka za ta yi. Sai ta gama ba aladu dusa, ta miƙo mini tsintsiya. "Yau mu ke da shara. An ce miki wuta ta ci Lahadi ne?" Muka tarar da Baba Kazah yana wasa lauje a ƙofar gida, ta durƙusa ta gaishe shi. Ya ce, "Me za ki share, ɗakin ma babu?" Ta ce, "Daɓen yana nan, Baba."

Tokar da sauran zafinta, tana cin tafin ƙafata. Muka kwashe gawayi, muka jera duwatsun zama, washegari aka yi sujada cikin rana. Ba a kore ta ba, don babana, wanda bai taɓa shiga majami'a ba, ya ce matarsa tana nan. Amma aka daina amsa gaisuwarta. Kullum sai ta zuba wa Baba Kazah tuwo, ni ke kaiwa, ni ke dawo da akushin a rufe. Har na yi aure haka ake. Sai a ciwon ajalinsa ya buɗe ya ci.

Yanzu majami'armu ta bulo ce da kwano, masu sa wutar kuma da bindiga suke zuwa, ba ka san fuskarsu ba balle ka kai musu tuwo. Na share toka, na share abin da ya fi toka. Jikokina sun koma birni, can Sabon Tasha, kullum waya, "Kaka, ki taho." 'Yan matan da suka rage suna riƙe tsintsiya kamar za ta cije su, bayana kuwa ya daina sunkuyawa.

Na gaji, Ubangiji ya sani. Amma gobe Asabar, daɓen kuma yana nan.