Rijiyar Kakanmu Tana Ƙarƙashin Dam

Littafin ba nawa ba ne. Matata ce ta aro shi a wajen ƙanwarta da ke aure a Yako. Ya zo mana babu bango, shafin farko ma ya yage, don haka har yau ban san sunansa ba, ban san wanda ya rubuta shi ba. Ni iyakata firamare, da yatsa nake bin layi. Amma a gidanmu ni kaɗai nake iya karanta boko a fili mutane su fahimta.

A shekarar ne Baba ya samu shanyewar ɓarin jiki. Hannunsa na dama ya mutu, ƙafar yana jan ta, maganarsa ta yi nauyi. Mutumin da ya saba yini a bakin ruwa ya koma zaman zaure yana kallon bango. Wata rana ya ji matata tana ba maƙwabciyarmu labarin littafin ta kan katanga, sai ya ce in ɗauko in karanta masa.

Hankalina bai kwanta ba. Irin waɗannan littattafai ba sa rasa maganar soyayya, kuma ban ga yadda zan buɗe baki in faɗi irin wannan a gaban mahaifina ba. Sai na riƙa tafiya da shi gona. In na tayar da injin ban ruwa, sai in zauna a inuwa in karanta abin da zan karanta masa da yamma, duk inda na ga abin kunya in lanƙwasa gefen takardar don in tsallake. Abin da nake tsoro ke nan. Sauran labarin ban ga wani abin tsoro a cikinsa ba.

Labarin wata tsohuwa ne a birni, ƙafafunta suka shanye, magani ya gagara. Ta roƙi 'ya'yanta su mayar da ita ƙauyen da aka haife ta. Manyan suka ƙi, suka ce hanya ba kyau, jikinta ba zai ɗauka ba. Autan ya saɓa musu, ya ɗauke ta, inda mota ta ƙare ya goya ta. Da suka isa ta yi alwala da ruwan rijiyar mahaifinta, ta roƙi Allah, ta miƙe da ƙafafunta.

Kafin mu kai wurin nan zauren ya fara cika bayan la'asar. Akwai abokin Baba na ƙuruciya, tsoho mai barkwanci. Mata suna tsayawa bayan ƙofa. Yayana, wanda masunci ne, yana zama a bakin zaure yana ɗinkin raga, yana nuna kamar ba ya saurare.

Ranar da tsohuwar ta miƙe, ina rufe littafin aka hau magana.

"Wannan autan ya fi jaki ƙarfi," in ji abokin Baba. "Ni nawa ko ƙullin masara ka ce ya ɗauka sai ya nemi mai babur."

Daga bayan ƙofa maƙwabciyarmu ta ce manyan 'ya'yan nan su ne 'ya'yan zamani, Allah dai Ya shirya. Matata ta ce ita karo na biyu ke nan tana jin wurin, kuma har yanzu sai ta yi hawaye.

Yaya bai ɗago kai daga ragarsa ba. "Manyan sun fi hankali. Da tsohuwar ta mutu a bayansa fa? Mai littafin ne ya ga dama ya tashe ta, alƙalami a hannunsa yake."

"Ai dole ka kare su," tsohon ya ce, "kai ma babban ɗa ne."

Aka yi dariya. Baba bai yi ba. Sai da aka yi shiru sannan ya ce, a hankali, yana jan harshe, "Rijiyar mahaifina tana nan."

Mu mutanen da aka tasa ne lokacin da ruwan dam ɗin Tiga ya cinye garinmu. Ni a sabon matsuguni aka haife ni. Yaya yana ƙarami aka tashi, kuma shi yanzu a saman kufan yake kamun kifi. Gidan kakanmu da rijiyarsa da maƙabarta duk suna can tsakiyar ruwa.

Washegari Baba ya ce a kai shi. Yaya ya ce a bari a gani. Bayan kwana biyu Baba ya sake faɗa. Daga nan ya fara ture kwanon tuwo da hannunsa mai lafiya. Bai yi faɗa ba, bai yi wa kowa baki ba. In na shiga gaishe shi da asuba sai ya dube ni kawai ya ce, "Yau ne?"

Lokacin bazara ce, ruwa ya ja baya, amma kullum da rana hadari yana haɗuwa a gabas. Na kasa aiki. Ina tsaye a cikin tumatir ina ta juya abin: in an kai shi ya mutu a ruwa, ni na karanta. In an hana shi ya mutu da yunwa da baƙin ciki, ni na karanta.

Na je wajen limamin unguwarmu na zayyana masa komai.

"Allah mai iko ne a kan komai," ya ce. "Karama gaskiya ce. Amma wannan labarin wani ne ya zauna ya tsara shi."

"To biyayyar iyaye fa, Malam?"

"Wajibi ce, in dai babu cutarwa."

"A nan akwai cutarwa?"

"Ni ban san ruwa ba. Tambayi yayanka."

Na samu Yaya a bakin ruwa yana liƙe kwalekwalensa. Ban ma gama magana ba ya katse ni.

"Gobe da safe za mu kai shi. Akwai wani kututture can bayan tsibirin nan, kusa da gaɓa. Zan tsaya in ce masa nan ne. Idonsa ba ya ganin nesa. Ya wanke hannunsa mu dawo, ya ci tuwo. Kai aikinka ka riƙe shi, ka rufe bakinka."

"Yaya, ƙarya ce fa."

"A kaina take, ba a kanka ba. Ainihin wurin yana tsakiya, kuma ka ga yadda sama take kwanakin nan. Kai ko iyo ba ka iya ba." Ya nuna ni da guduma. "Na san ka. Kai ne ko kazar wani ka kora sai ka je neman gafara. Gobe ba na son wannan halin."

Ban ce masa to ba, ban ce a'a ba. Na tafi ina gaya wa kaina cewa shiru ba ƙarya ba ne. Kafin in isa gida wata zuciyar ta ce wanda ya yi shiru aka yaudari ubansa a gabansa, da shi aka yi.

Da safe muka ɗora Baba a amalanke zuwa bakin ruwa. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Muka shimfiɗa tabarma a tsakiyar kwalekwalen, na zauna na jingina shi a ƙirjina, na zagaye shi da hannu. Yaya yana baya yana tuƙi. Ruwan a kwance yake, sai zafi.

Ba mu yi nisa ba Yaya ya tsaya kusa da wani baƙin kututture. "Baba, mun iso. Ga shi nan."

Baba ya daɗe yana dube-dube. Ya dubi gaɓa, ya dubi duwatsun da ke nesa. Bai juya wajen Yaya ba. Ya kwantar da kansa a kafaɗata ya ce, "Kai, nan ne?"

"Baba, ni ban san wurin ba. Ba a haife ni ba."

"Ban tambaye ka haihuwarka ba. Tsakaninka da Allah, nan ne?"

Ina jin bugun zuciyarsa a jikina. Ina jin idon Yaya a ƙeyata. Na nemi wata magana da za ta bi tsakiya, ban samu ba.

"A'a, Baba," na ce.

Sai na ji filafilin tuƙin Yaya ya shiga ruwa da ƙarfi, kwalekwalen ya juya ya fuskanci tsakiya.

"In wani abu ya same shi," Yaya ya ce a bayana, "kai za ka shiga gida ka gaya wa mata."

Tafiyar ta yi tsawo. Gaɓa ta zama zare. Ruwan ya sauya launi, ya yi duhu, wata iska mai sanyi ta fara taɓa mu jefi-jefi. Na dubi gabas sau ɗaya, ban sake duba ba. Ina ta karanta duk addu'ar da na sani, ina rikita su.

Can sai ga kan wata busasshiyar bishiyar ƙirya ya fito daga ruwa, rassanta kamar yatsu. Baba ya ɗago tun kafin a ce masa komai.

"Ita ce," ya ce. "Ta ƙofar gidanmu. Rijiyar tana yamma da ita."

Yaya ya matsa yamma kaɗan ya riƙe kwalekwalen. Na taimaka wa Baba ya yi alwala, ina ɗebo ruwa da tafin hannuna. Ya yi wa mahaifinsa da mahaifiyarsa addu'a, ya ambaci wasu mutane da ban taɓa jin sunayensu ba. Sannan ya ce in sa masa hannun a ruwa.

Na kama hannun nan mai nauyi na tsoma shi har gwiwa. Ina riƙe, ina kallon yatsun a ƙarƙashin ruwa. Ruwan yana kaɗa su, sai in ga kamar sun motsa, sai in gane ruwan ne. Na fito da shi. Ya ce in mayar. Na mayar.

"Baba, hadari," in ji Yaya.

"Kaɗan."

"Baba, babu kaɗan. Ɗago shi."

Iskar ta same mu ba mu kai rabin hanya ba. Igiyar ruwa ta riƙa dukan gefen kwalekwalen tana zubowa ciki. Hannuna ɗaya yana riƙe da Baba, ɗayan yana kwasar ruwa da ƙoƙo. Ruwan sama ya sauko har ba na ganin gaba. Baba ya yi amai a jikina, jikinsa yana ta rawa. Yaya yana ta tuƙi yana nishi. Ba mu koma inda muka taso ba, iska ta kai mu can ƙasa, wasu makiyaya da suka fake a bakin gaɓa suka shiga ruwa suka taya mu fitar da shi.

Kashegari zazzaɓi da tari suka rufe shi. Aka kwantar da shi a asibiti, aka ce sanyi ya kama ƙirjinsa. Ni da Yaya muna zaune a baranda ɗaya, shi a can ƙarshe, ni a nan. In matarsa ta kawo abinci sai ta raba kwano biyu, abin da ba a taɓa yi a gidanmu ba. Duk sanda ma'aikaciyar jinya ta fito daga ɗakin sai in miƙe tsaye. Na riƙa shirya kalmomin da zan gaya wa mata.

Allah Ya sa bai zo ga haka ba. Zazzaɓin ya sauka, Baba ya nemi kunu, aka sallame mu. Hannun bai motsa ba, har ya bar duniya bai motsa ba. Amma ya ci tuwonsa, bai kuma sake tambayata ko yau ne ba.

Abokinsa ya zo duba shi, ya tsaya a bakin zaure ya ce, "To mai rijiya, ka miƙe?"

"Na je dai," in ji Baba.

Yaya ya daɗe ba ya yi mini magana. Gaisuwa ma da kai yake amsawa. Na yarda da hakan, domin har yanzu in na kwanta ina auna abin, wata rana in ga na yi daidai, wata rana in ga saura kaɗan in kashe mahaifina da bakina.

Sai bayan damina ta yi nisa, ina wanke injin ban ruwa a bakin gaɓa, ya zo ya ja kwalekwalensa kusa da ni. Ya tsaya yana warware raga, bai dube ni ba.

"Da ka tsoma hannun nan," ya ce, "ka ji ya motsa?"

"A'a, Yaya."

"Ko kaɗan?"

"Ko kaɗan."

Ya gyaɗa kai, ya jefa ragar cikin kwalekwale.

"Ni ma yatsun nake kallo," ya ce. "Shi ya sa ban ga hadarin da wuri ba."