Belin da Muka Cire

Shekarar da 'yata ta cika tara, ciwon maƙogwaro ya kama ta a gidanmu na unguwar Roumdé Adjia. Zazzaɓin kaɗan ne, sai dai haɗiyar yawu ta gagara. Na leƙa bakinta, na ga ja da ɗigon fari. Na ce beli ne, kamar yadda iyayenmu kan ce, na kira wanzami ya cire. Bayan kwana huɗu ta koma makaranta, muka yi hamdala.

Da aka yi mako uku gwiwarta ta kumbura. Washegari ciwon ya koma idon sawu. Ranar Juma'a uwarta ta tare ni a ƙofa.

"Malam, yarinyar nan ta kasa kwanciya. A zaune take neman numfashi."

A asibiti likita ya daɗe yana sauraron ƙirjinta, ni kuwa ina jan carbi ban san abin da nake karantawa ba. Can ya ɗago.

"Baba, ta yi ciwon wuya kwanan baya?"

"Ta yi, amma mun cire belin."

"Ba beli ba ne. Ƙwayar cuta ce, da ta sha maganin kwana goma, da ya kashe ƙwayar. Yanzu abin ya taɓa zuciya."

Allah ya tashi kafaɗarta, amma da allura duk wata, shekara da shekaru. Katin asibitin da Faransanci yake, shi ya sa nake rubuta ranar allurar da ajami a jikin ƙofar ɗakina. Ban taɓa bari ranar ta wuce ba.