Takardu Goman da Inna Ta Ɓoye

Innata malamar firamare ce. Shekara ashirin da takwas tana koyarwa da harshe biyu, na gida da na hukuma. Mace ce da ko maciji ba ya sa ta ihu, amma wasiƙa ɗaya daga ofishin ilimi ta hana ta cin abinci kwana uku.

Wasiƙar ta ce matsakaicin makin ɗalibai a jarrabawar bai-ɗaya sittin ne. Za a zaɓi takardu arba'in da ƙuri'a cikin ɗari uku na 'yan harshe biyu. In sun gaza sittin da tazarar da ba za a ce katari ba ne, a rufe ajujuwansu. Kuma wa aka turo ya yi lissafin? Ni, 'yarta, ƙaramar ma'aikaciyar ƙididdiga!

A ofishin hedimasta na ƙirga takardun sau biyu: ɗari biyu da casa'in. Goma sun ɓace. Na dubi Inna, ta ƙanƙame jakarta, gumi na bin wuyanta.

Na ja ta baranda. "Inna, don girman Allah, ina goman?"

"Na masu rauni a karatu ne," in ji ta. "In ƙuri'a ta faɗa kansu mun shiga uku."

"In aka gano fa? Ni da ke da ajujuwan duk mun tafi."

Ta miƙo su ba ta kalle ni ba.

Hedimasta ya riƙa zaro lambobin takardu daga gwangwani. Uku daga cikin goman suka fito. Na danna na'urar lissafi, na fitar da matsakaicin makin arba'in ɗin. Hamsin da takwas da rabi.

Inna ta zauna dirshan. "Shi ke nan, ta faru ta ƙare."

"Tsaya tukuna!" Na auna yadda makin ya warwatsu, na sake lissafi. "Tazarar ɗaya da rabi a takardu arba'in, katari kaɗai na iya kawo ta. Babu hujjar cewa yaranki sun gaza sittin."

Hedimasta ya yi hamdala. Inna ko murmushi.

A hanya ta ce, "Shekara ashirin da takwas ina horon mai satar amsa. Yau ni na cusa yarana goma a jaka, na ce ba nawa ba ne."

Har ta yi ritaya bencin gaba na masu rauni ne, jakar nan kuwa ba ta sake ɗaukarta ba.