An Binne Haƙorana Ina da Rai

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na daɗe ban ce komai a nan ba, sai dai in karanta naku in wuce. Jiya 'yata ta ba ni labarin ƙawarta da ta rasa haƙoran gaba, wai ko ƙofar gida ta daina leƙawa. Shi ya sa na ce bari in yi magana, don ni ma na bi ta wannan hanya.

A shekarun casa'in ne, muna zaune a Unguwar Kanawa. Ina koyar da matan aure karatun Alƙur'ani a tsakar gidanmu bayan la'asar. Wata safiya da damina na ɗauko bokitin ruwa, santsi ya kwashe ni, na bugi gefen rijiya da baki. Haƙorana biyu na sama suka fita ɗungurungum, har da saiwarsu.

Maigidana malami ne. Ya tsince su, ya wanke, ya naɗe a farin ƙyalle ya binne a bayan ɗaki, kamar yadda muka saba yi da gashi da farce da duk abin da ya fita daga jikin ɗan Adam. Ni kuma aka ba ni ruwan ɗumi da gishiri. Sai washegari, da fuskata ta kumbura suntum, muka tafi asibiti.

Likita ya duba ya ce, "Hajiya, ina haƙoran?"

Malam ya ce, "Ai mun yi musu sutura tun jiya."

Likitan ya ce, "Da kun jefa su cikin madara kun taho nan da nan, wataƙila da na mayar da su."

Muka koma gida ni da Malam. Ban taɓa ganin laifinsa ba. Mutunta ni ya yi, iya saninsa.

Ciwon ya warke, amma ni ban warke ba. Dariya sai na sa gefen mayafi. Rake da gasasshiyar masara muka yi bankwana. Duk wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci min rai shi ne karatu. Akwai haruffan Alƙur'ani da sai harshe ya taɓa haƙoran gaba suke fita daidai, ni kuwa iska kawai ke wucewa. Ni da nake gyara wa mutane, yanzu nawa bakin ya ƙi.

Aka yi min na roba, irin wanda ake cirewa. Ya rufe giɓin, amma motsi yake yi, rabin hankalina na kan aya, rabi na kansa. Ran nan ina tsakiyar biya musu Suratul Mulk, sai ga shi ya faɗo kan tabarma. Babu wadda ta yi dariya. Wallahi da sun yi ma da ya fi min sauƙi. Na ɗauke abina na shige ɗaki, na yi kuka har na gode Allah.

Daga ranar na rufe makaranta. Ko sallah a hankali nake karantawa, ina tsoron kada in ɓata wa Allah zancensa.

Yayana da ke aikin gwamnati, yana zaune a Unguwar Dosa, shi ya zo da labarin wani likita da ya dawo daga karatu waje, wai yana dasa haƙori a cikin ƙashi. Lokacin ba kowa ya taɓa jin haka a Kaduna ba. Na ce, "Yaya, ƙusa fa za a kafa min a baki. Ni katako ce?" Sannan ina fargabar ko canza halitta ne. Malam ya ce, "Magani ne, ba ado ba. Ki je, ko na samu nauyin nan ya sauka daga kaina." Sai ranar na san abin yana cin sa.

Kuɗin ba kaɗan ba ne, Yaya ya ɗauki mafi yawa. Aka ɗauki hoton muƙamuƙi, aka gwada jini da suga. Ranar aikin ta zo. Allurar kashe zafi ta yi aikinta, amma ƙarar injin nan har cikin ƙwaƙwalwa. Likita yana cewa, "Hajiya, in kin ji zafi ɗaga hannu." Ban ɗaga ba, na ƙanƙame carbi da duka biyun.

Na sha kunu da koko har na gundura. Sai da aka jira watanni ƙashi ya kama ƙarfen kafin a ɗaura haƙoran. Da aka miƙo min madubi ban tsaya kallo ba. Fatiha na fara karantawa a kan kujerar, na ji kowane harafi ya zauna a wurinsa.

Duk da haka kunya ta hana ni kiran matan. Sai wata tsohuwa daga cikinsu, Iya Asabe, ta shigo da allonta ta zauna. Ni a zatona sun samu wata malamar, na ce, "Iya, ina kuka kai a wajen sabuwar malamar?"

Ta ce, "Wace sabuwa? Muna nan a ayar da kika bar mu. Ke muke jira, Malama."

Na karɓi allon, muka ɗora daga nan.

Na gode wa Allah, na gode wa Yaya da likitan nan. Malam ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, ku sa shi a addu'a.

Don Allah, in haƙorin babba ya fita, kada a kankare shi, kada a binne. A riƙe shi ta kai ba ta saiwa ba, a sa a madara, a ruga wajen likitan haƙori. In kuma kuna da wadda ta shige ɗaki saboda giɓi, kada ku ce mata ai ba komai ba ne. Komai ne. Ku je ku zauna kusa da ita har ta fito.