Tankin da na sa wa motar Baba

Shekarar da ƙodar Baba ta gaza, ita ce shekarar da mai ya ɓace a gari. Likita ya ce wankin ƙoda sau biyu a mako, Litinin da Alhamis, kuma a nan kusa ba mu sami gurbi ba sai a Kano. Sau ɗaya muka taɓa yin fashi. Kwana biyu kacal, ƙafafunsa suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga, numfashinsa ya koma kamar na wanda ya hau tudu da kaya. Tun ranar na rantse a zuciyata ba za mu ƙara ba.

Motarmu tsohuwa ce, ta girme ni. Baba ya saye ta yana sabon ma'aikaci, kuma ko madubinta bai taɓa yarda a canza ba. Tana da lafiya, sai dai shan mai kamar rairayi. In na cika tankinta, zuwa Kano da dawowa ne, shi ke nan. Gidajen mai sun daina zuba wa kowa a jarka, ko kuka za ka yi. Man 'yan bumburutu kuwa na gwada sau ɗaya, ta yi ta tari a hanya har na zaci a daji za mu yini. Saboda haka mako ya zama kwana biyu a layin mai, kwana biyu a hanya, ga makarantar da nake koyarwa sun fara kallona a kaikaice.

A layi wani direba ya ba ni shawara: tunda jarka ce aka hana, tanki ba a hana ba, in ƙara wa motar ciki. Da na kawo wa Baba maganar, sai ya dube ni.

"Yanka ta za ku yi?"

"Ƙasanta kawai, Baba. Ba wanda zai gani."

"Ni zan sani ai," in ji shi. Amma bai hana ba.

Bakaniken da na kai wa yana wajen Gyallesu, dattijo ne mai ƙarancin magana. Ya samo tankin wata matacciyar bas, ya ninka namu biyu har da ɗoriya. Yini guda suka yi suna ɗauraye shi da ruwa da garin sabulu, sannan suka cika shi da ruwa fal kafin mai walda ya yarda ya kusance shi da wuta. Aka cire tayar ko-ta-kwana daga mazauninta ta koma cikin but, aka yanke ƙarfen wurin, aka ɗaure sabon tankin da wasu faffaɗan ƙarafa biyu, aka karkatar da salansa don kada zafinta ya taɓa shi. Ina tsaye ina jin kukan zarto a jikin motar.

Da aka gama ya kira ni gefe. "Malam, allurar man nan ta daina faɗin gaskiya daga yau. Ba ta san wannan tankin ba. Na miƙe maka wuyansa, ka nemi sandar awo."

Na sari reshen darbejiya miƙaƙƙe, na fere shi. Na yi masa tsaga a inda man tafiya ɗaya yake tsayawa, na yi wata a na tafiya biyu. Ranar da na fara cikawa, mai zuba man ya leƙa ƙarƙashin motar sau biyu, na bayana a layi suka hau ihu wai na ɓoye duro. Ban kula su ba. Na dawo gida Ƙofar Kibo, bayan motar duk ya zauna kamar jakin da aka labta wa buhu, ni kuwa har waƙa nake yi ƙasa-ƙasa.

Abin da ban lissafa ba shi ne unguwarmu. A cikin birni ba ka da sirri, kuma wanda yake da abu ba ya cewa babu. Mutane suka ƙara yawan zuwa duba Baba. Bayan la'asar zaure ya cika, a gaisa, a yi addu'a, a tambayi jiki. Sai mutum ya zo tashi, ya yi ƙasa da murya, ka ga bakin gora yana leƙowa daga aljihun babbar riga. Wannan babur ɗinsa ya tsaya, wancan injin markaɗen matarsa, tela kuma janareta. Ba ni suke tambaya ba, sun san halina. Baba suke tambaya, shi kuma ko ɗaga kai ba ya yi.

"Kai, ɗebar masa."

Sai in ɗauki tiyo in durƙusa a bayan mota in zuƙa, fetur ya cika mini baki, ina zuba wa mutum ran mahaifina a gora yana sa mini albarka. Na yi wa Baba magana a ɗaki, ya ce tun kakansa ba a taɓa juya wa maƙwabci baya a wannan zauren ba, ba kuma a kansa za a fara ba don yana ciwo. Na fita ina huci. Washegari na sa aka yi wa murfin tankin mariƙi, na ɗana kwaɗo, na rataya makullin a wuyana. Duk da haka in ya ce in buɗe, buɗewa nake yi.

Wata Alhamis da hantsi na zura sandar, mai ya tsaya daidai kan tsagar farko. Kwana huɗu ke nan ba gidan man da ya buɗe ƙofa. Ƙanwata ta fito da Baba, muna shirin sa shi a mota, sai ga amininsa, tsohon da suka yi karatun allo tare, yana turo babur. Idonsa jajir. Ƙanensa ya rasu a wani ƙauye ta hanyar Soba, za a yi jana'iza kafin azahar. Galan ɗaya yake nema.

Baba ya yi masa ta'aziyya, ya juyo. "Kai, buɗe."

Na dubi ƙafafunsa, sun riga sun fara tasawa. Na tuna dajin da ke tsakaninmu da Kano, da abin da zai faru in motar ta mutu mana a can. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba.

"Baba, ba zai kai mu ba."

"Na ce ka buɗe."

"Ba zan buɗe ba."

A gaban mutane na faɗa, a ƙofar gidansa, a kan motarsa. Tsohon ne ya fara magana, ya ce, "Alhaji, bar shi, yana da gaskiya. Allah ya ba ka lafiya." Ya juya babur ɗinsa ya ci gaba da turawa. Daga baya na ji bai sami jana'izar ba.

Har Kano Baba bai ce mini uffan ba, haka ma a dawowa. Da na shigo da mota da yamma na zura sandar. Akwai saura. Ya fi galan.

Baba ya ƙara shekara ɗaya da rabi a duniya, kuma ko sau ɗaya ba mu sake fashin wanki ba. Bai taɓa yi mini faɗa a kan ranar ba, in na gaishe shi yana amsawa da kyau. Amma bai sake sa ni aiki ba. Ina zaune kusa da shi, buta tana gefen ƙafata, sai ya ɗaga murya da kyar ya kira ƙanwata daga cikin gida ta zo ta miƙa masa.