Rabon Maraƙa

Har yau in na ji ana cewa madara ta yi tsada, don haka makiyaya za su ƙara kawowa, sai raina ya ɓaci. Mai faɗin haka bai taɓa tsugunawa gindin saniya ba. Kafin maraƙar da aka haifa bana ta girma ta ba da nono, an ci damina da yawa, kuma ba ruwanta da farashi.

A rugarmu, can bayan Tudun Wada, nono na mata ne. Inna ce ke tatsa, kuma shanunmu ba sa sakin nono sai ɗansu ya fara kamawa. Sai ta tatsi rabi, ta bar wa maraƙi rabi. Haka ta samu ana yi.

Bayan rasuwar mahaifina garken ya koma hannun ƙanensa, Baffa, mutumin da ban taɓa gani da ƙwaryar tatsa ba. Wani rani, wani kamfani ya kafa wurin karɓar madara a hanyar Kwanar Dangora, ya sa farashi mai tsoka. Nan take Baffa ya zama masanin nono. Ya sayo jarkoki, ya riƙa tsayawa a kan Inna da safe yana riƙe da ƙugu.

"Ki tatse duka," in ji shi.

"Maruƙan fa, su sha me?"

"Ga ciyawa nan."

A tsakiyar rani, ciyawa! Na tsane shi a ranar, kuma ban daina ba.

Inna tana da saniya guda tata ta kanta, wadda ta zo da ita daga gidansu, saniyar ta haifi maraƙa ja. Da ita Inna ta sa rai za ta samu nata garken. Takan faki idon Baffa ta bar mata ɗan abin sha, shi kuwa da ya gane sai ya koma matsa hantsar da hannunsa. Maraƙar ta rame har ana ganin haƙarƙarinta, kafin ruwan farko ta mutu. Wasu maruƙan ma suka bi ta.

Uwar jar maraƙar ta riƙe nononta ƙam. Baffa bai ko yi jaje ba. Ya sa aka feɗe maraƙar, aka cusa wa fatar ciyawa, aka tsayar da ita gaban uwar don ta shinshina ta saki nono. Inna ya sa ta ɗinke fatar. Saniyar ta lasa, ta saki, Inna tana tatsa tana kawar da kai. Ba a jima ba nonon ya ƙafe, Baffa ya kai saniyar kasuwa wai ba ta da amfani.

Shekaru suka wuce, farashi ya ƙara hawa fiye da na da. Maƙwabtanmu da suka haƙura suka bar wa maruƙansu sha, karsanoninsu sun haihu, babura na ta jigilar jarkokinsu. Mu tsofaffin shanu ne kawai a garke, babu masu maye gurbinsu. Baffa ya ce irin shanunmu ne ba shi da kyau, kuma bakinsa bai ko yi nauyi ba.

Ranar wata kasuwar Tudun Wada na raka Inna. Ta ratsa layin masu nono, inda ta yi rabin rayuwarta tana zama da ƙwaryarta, ta wuce har ƙarshe wurin wata baƙuwa da ba ta san ta ba. Ta sayi kindirmo a leda, ta tura shi ƙarƙashin mayafi.

"Mu bi ta baya," ta ce mini. "Kada su gan ni."